Shin gyaran banɗaki a gidan gado a Aboabo yana bukatar izinin gini?

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani aiki da nake shirin yi a gidanmu na gado da ke Aboabo, a nan Kumasi ta ƙasar Ghana. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, gwiwoyinta sun yi nauyi, kuma makewayin gidan yana can ƙarshen tsakar gida, ga matakala biyu da sai an taka kafin a shiga. Duk daren da aka yi ruwa, sai ɗaya daga cikin jikokinta ta riƙe mata hannu, wata kuma ta haska musu tocila.

A jikin ɗakinta akwai ɗan wurin wanka mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1.5, wanda ƙofarsa take kallon tsakar gida. Niyyata ita ce in toshe waccan ƙofar, in fasa sabuwa ta cikin ɗakin, in sa masai na zama da shawa da tayil, sannan a haƙa rami a bayan bango domin bayodaijesta, wato akwatin da yake narkar da bayan gida. Na ware sidi 15,000 domin aikin. Shin irin wannan gyara yana bukatar izinin gini, ko kuwa izinin na masu sabon gini ne kawai? Idan ana bukata, wane ofishi zan nufa, kuma me za a nema a wurina? Takardar da muke da ita ta gidan ita ce ta rabon fili da aka ba kakanmu, kuma har yau sunansa ne a kanta.

Magini daga Sawaba ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah Ya saka maka da alheri, Malam, Ya kuma ba Mama lafiya. Na shekara da shekaru ina aikin gini tsakanin unguwannin Sawaba da Asawase da Akorem, kuma gaskiyar magana ita ce da wuya ka ga wanda ya je neman izini domin ya canza tayil ko ya sa shawa. Zan bar maganar takardu ga masu iliminta, ni dai in gaya maka inda kuɗinka zai tafi.

Ƙasan wurin murabba'in mita 3 ne. Kewayen bangon mita 7 ne, kuma idan tayil zai kai tsayin mita 2.1 ka sami kusan murabba'in mita 15, a cire gurbin ƙofa ya rage kamar 13. Jimla 16 ke nan, sai ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, wato ka sayi abin da zai rufe mita 18, kuma ka saya a lokaci guda, domin kwali biyu masu lamba ɗaya da aka gasa a lokuta daban sukan saɓa a launi. Tayil na Twyford da ake yi a Shama ya wadata a kasuwa, ba sai ka nemi na waje ba. Na ƙasa lallai ya zama mai kaushi. Bututun masai inci 4 ne, na ruwan wanka inci 2, kuma kowanne da hanyarsa.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne ƙofar da za a fasa. Yawancin tsofaffin gidajen Zango bangon da ke tsakanin ɗaki da wurin wanka shi ne yake ɗauke da katakon rufi, wasu ma ginin ƙasa ne aka yi masa shafen siminti. Ba a fasa irin wannan bango sai an tokare rufin, an zuba linta da rodi a saman gurbin, an bar ta ta kama. Game da farashi kuwa, kada ka dogara da lissafin da ya wuce wata guda. A 2024 buhun siminti ya haura sidi 100, dala ta wuce sidi 16 gab da ƙarshen shekarar, ta sauko wajen 10 a tsakiyar 2025, amma 'yan kasuwa sun fi saurin hawa a kan sauka. A ganina kuɗin da ka ware zai iya gama cikin banɗakin, amma zai yi wuya ya ɗauki bayodaijesta da takardu duka a tare. Ka sayi kayan da kanka, ka biya kuɗin aiki kashi uku, kashi na ƙarshe sai an zuba ruwa a ƙasa an ga yana gangarawa zuwa magudana ba tare da ya kwanta a kusurwa ba.

Tsohon ma'aikacin majalisa ya amsa:

Ɗana, abin da magini ya faɗa game da yadda mutane suke yi gaskiya ne, sai dai aikin da ka bayyana ya wuce canza tayil. Abubuwa biyu ne suka fitar da shi daga ƙaramin gyara: za ka taɓa bangon da wataƙila yake ɗauke da nauyi, kuma za ka haƙa ƙasa ka kafa wurin da najasa za ta riƙa taruwa.

Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta ce a sashe na 91 ba wanda zai yi aikin raya fili a cikin gunduma sai da rubutaccen izinin hukumar tsara gundumar. Ma'anar wannan aiki a doka tana da faɗi, domin ta haɗa da gini da duk aikin injiniya a kan ƙasa ko a ƙarƙashinta, har da zubar da ƙazantar ruwa. Akwai kuma dokar tsara amfani da filaye ta 2016, mai lamba 925, da ƙa'idojinta na 2019. Ƙa'idojin gini na 1996, waɗanda muka daɗe muna aiki da su, sun ambaci sauya tsarin gini ƙarara a cikin abubuwan da ake neman izini a kansu, kuma an fito da sababbin ƙa'idoji a 2022 bayan kundin ma'aunin gini na ƙasa na 2018. A aikace dai, fenti da tayil da canza kan famfo da musanya tsohon masai da sabo a gurbinsa ba su ne ake bibiya ba. Fasa bango, ƙara ɗaki ko da na taku huɗu ne, zuba rufin kankare, da haƙa ramin bayan gida, su ne suke jawo hukuma ta rubuta a bango da jan fenti cewa a tsayar da aiki.

Kada ka ɓata ƙafarka zuwa ofishin babbar majalisar Kumasi. Tun 2012 Aboabo da Asawase da Sawaba suke ƙarƙashin majalisar ƙaramar hukumar Asokore Mampong, can za ka je. Ka fara da sashen tsara gari, su ne suke karɓar takardun neman izini, sashen ayyuka kuma shi yake duba zane da ƙarfin gini. Ka tafi da hotunan wurin a waya da ɗan zanen hannu mai ɗauke da awo, ka faɗa musu dalla-dalla abin da za ka yi, ka tambaya ko za su ɗauke shi a matsayin gyara ne ko ƙari. Abin da aka saba nema shi ne fom na neman izini, da taswirar fili mai sa hannun safiyo mai lasisi, da shaidar mallaka ko sakamakon bincike daga Hukumar Filaye, da zanen ginin da yake nuna yadda yake yanzu da yadda zai koma, da rasit na harajin gida. Daga nan sai a zo a duba wurin, ƙaramin kwamitin ƙwararru ya tantance, kwamitin tsara gari ya amince. Wa'adin da ƙa'idojin 2019 suka sa kwana 30 ne na aiki, amma lissafin yana farawa ne daga ranar da takardu suka cika.

Kuɗi kashi biyu ne: na duba takardu, wanda ake biya da farko, da na izinin kansa, wanda ake lissafawa bisa girman aikin. Kowace majalisa tana yanke nata farashi duk shekara a cikin ƙudurin kuɗaɗen shiga da ake bugawa a jaridar gwamnati, saboda haka abin da wani ya biya a Oforikrom ko Suame ba shi ne naka ba. Ka nemi a nuna maka layin da ya shafe ka a cikin ƙudurin bana, ka biya a wurin mai karɓar kuɗi, ka karɓi rasit na gwamnati. Abin da na gani a shekarun aikina shi ne, ga ɗan aiki kamar naka kuɗin izinin ba shi ne mai nauyi ba. Safiyo da mai zane da gyaran takardar fili su ne suke cin kuɗin. Yawancin filayen Kumasi na sarauta ne, kuma takardar rabo matakin farko ce kawai, daga ita ake bi ta ofishin filaye na Asantehene, sarkin Asante, da ke fadarsa ta Manhyia zuwa Hukumar Filaye domin samun takardar haya ta dogon zango. Tunda sunan kakanku ne a kai, za a so a ga wanda yake da ikon magana da sunan magada.

Ka kuma leƙa sashen tsaftar muhalli, wato duba-gari, waɗanda mutanen nan suke kira saman-saman. A shirin tsafta da Bankin Duniya ya tallafa wa, wanda ya fara a Akara aka kawo shi yankin Kumasi, ta hannun majalisu aka gina wa gidaje masai mai bayodaijesta a kan rangwame, saboda haka suna da sunayen masu aikin da aka horar. Idan za ka sa hitar ɗumama ruwa, mai wayarin ya zama mai takardar shaidar Hukumar Makamashi, kamar yadda ƙa'idojin wayarin na 2011 suka tanada, domin ruwa da wuta a ɗaki mai faɗin mita ɗaya da rabi ba wurin gwaji ba ne.

Hajiya mai gidan haya ta amsa:

Ƙanena, ni abin ya taɓa faruwa a kaina, shi ya sa na ga ya dace in sa baki. Shekarun baya na ƙara banɗaki a bayan ɗakina ba tare da na tambayi kowa ba, kuma ginin ya ci kamar taku ɗaya daga cikin lungun da muke bi da maƙwabta. Ba ma'aikata ne suka gano ba, maƙwabcina ne ya kai ƙara, domin ruwan wankanmu ya fara bi ta gindin katangarsa. Wata safiya na fito na tarar da jan rubutu a sabon bangon cewa a tsayar da aiki a kawo izini, ga bulo a jibge, ga yashi rabin tifa yana bin ruwan sama. Aikin ya tsaya kusan wata uku, na biya tara, na biya mai zane, kuma daga ƙarshe sai da aka ja bangon baya. Laifina ne, ban ɗora wa kowa ba. Saboda haka ka tabbata ramin daijestar yana cikin iyakar filinku, ba a cikin lungu ba, kuma ka je da kanka ka gaya wa maƙwabcin da yake bayan bangon kafin ya ji ƙarar diga.

Sannan gidan gado ne. Ka tara baffanninka da gwaggwanninka, ka faɗa musu cewa domin Mama kake yi, a rubuta amincewarsu, babban gida ya sa hannu, a sami shaidu biyu. Wannan takardar za ta yi maka amfani a ofis, za ta kuma hana wani ya ce gobe ka gyara ɗakin ne domin ka mallake shi.

Tunda tsohuwa ce za ta shiga, kada a yi dakali a bakin ƙofa, a sa ƙarfen riƙewa a gefen masai da wajen shawa, kuma ƙofar ta riƙa buɗewa waje, domin idan mutum ya faɗi a ciki jikinsa yakan tokare ƙofar da take buɗewa ciki. A sa mata ɗan famfo ƙasa-ƙasa da wurin zama saboda alwala, ta huta da sunkuyawa a kan buta.

Magini daga Sawaba ya ƙara da cewa:

Hajiya ta tuna mini da abin da na manta. Gidajen da suke kusa da rafin Aboabo ruwa yana kusa da sama, musamman daga Mayu zuwa Yuli. Bayodaijesta akwati ne da yake tace ruwa ya riƙe ƙazanta a kan shimfiɗar ɓawon kwakwa, ƙwayoyin halitta su cinye ta, kuma yana aiki ne idan iska tana shiga. Da zarar ruwan ƙasa ya cika shi, ya mutu, wari ya dawo ɗaki. A haƙa ramin gwaji tukuna, idan an tarar da ruwa kusa sai a ɗaga akwatin sama, wanda hakan yana nufin a ɗaga gurbin masai. Ruwan wanka da sabulu da maganin wanke masai mai ƙarfi kada su shiga cikinsa, a yi musu sokawe nasu daban. Idan akwai rijiya a gidan, tazarar da aka saba bi tsakaninta da irin wannan rami mita 30 ce, abin da da wuya a samu a tsakar gidan Zango, don haka a nuna wa duba-gari rijiyar.

Ɗan Aboabo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, da Hajiya, da Malam magini. Jiya na sa an ɗaga silin ɗakin, kuma lallai katakon rufin a kan wannan bangon yake zaune. Akwai rijiya a gidan, na auna taku 14 ne tsakaninta da inda na so a haƙa ramin, ko da yake wanki kawai ake yi da ruwanta. Ranar Juma'a bayan masallaci zan zauna da baffanninmu, ranar Litinin kuma zan tafi majalisa da hotuna da tsohuwar takardar. Baba, shin in kira safiyo kafin in je, ko in bari sai sun ga takardar tukuna?

Tsohon ma'aikacin majalisa ya amsa:

Ka bari sai sun gani, ɗana. Aboabo tsohuwar unguwa ce, kuma idan filinku yana da lamba a taswirar da take hannunsu, aikin safiyon zai ragu. Ka tafi da kwafi, ka bar ta asali a gida, kuma ka ambaci maganar rijiyar tun kafin su tambaye ka.