Neman kalma: me za mu kira "vampire" da Hausa?

Mai Shirin Fim: Assalamu alaikum jama'a, a taimaka mini. Gobe da ƙarfe 10 na safe zan ɗauki shirina na rediyo, kuma wannan makon waiwaye zan yi kan The Lost Boys, fim ɗin Amurka na 1987 wanda Joel Schumacher ya ba da umarni. Wata uwa ce aurenta ya mutu, ta kwashi 'ya'yanta maza biyu ta koma gidan mahaifinta a wani garin bakin teku a Kalifoniya. Babban ɗan, Michael, ya faɗa hannun wasu samari masu babura, ashe vampire ne. Kalmar ta fito sau 14 a rubutuna, kuma ba na son in yi ta zuba wa masu saurare Turanci a kunne. Me zan ce?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Maye mana. Mayu in suna da yawa.

'Yar Damagaram: A'a Baban Ummi. Maye rayayye ne, maƙwabcinka ne, kurwa yake kamawa. Wannan kuwa jini yake sha da haƙori, rana tana ƙona shi, madubi ba ya nuna shi, ba ya tsufa. A fim ɗin ma da rana a kogo suke kwana, a rataye kai ƙasa kamar jemagu. Sannan ka san yadda ake jifan tsofaffi da kalmar maita a unguwa har a kai ga duka. Ba na son a ƙara mata nauyi.

Baban Ummi: To ɗan shan jini.

Mai Shirin Fim: Na yi tunaninta, Yaya. Amma da na faɗa wa mai haɗa mini sauti, sai ya ce, "Wato 'yan ƙungiyar asiri masu neman kuɗi?" Can hankalin kowa zai tafi.

Malamin Nahawu: Kun bar jaki kuna dukan taiki. Hausa tana da awon da ya dace: ɗafin -au, irin na mantau da makarau, mai nuna wanda abu ya zame masa jiki. Daga zuƙa sai mu sami zuƙau. Gaɓa biyu, ba aro, ba tarihin maita. Shekara biyu ke nan ina koya wa ɗalibaina ita.

Ɗan Gidan Kallo: Allah ya gafarta Malam, ni da na ji zuƙau, mai busa sigari ya faɗo mini a rai. Mu a gidan kallo tun zamanin kaset bamfaya muke cewa. Harafin v ya koma b kamar a bidiyo, p ya koma f kamar a farfesa. Yara sun san ta tun daga fim ɗin Twilight na 2008. Me ya rage?

Malamin Nahawu: Abin da ya rage shi ne kishin harshe. Kullum aro, kullum aro, sai ka ce Hausa matalauciya ce. Bamfaya ba ta gaya wa tsohuwar da ke sauraron rediyo a ƙauye komai. Zuƙau kuwa da ji ta san ana zuƙar wani abu.

Ɗan Gidan Kallo: Malam, da mota ka je makaranta yau ko da ƙirƙirarriyar kalma? Su kansu Turawan aro suka yi. Daga Sabiyanci ta shigo musu a ƙarni na 18, lokacin da jami'an Ostiriya suka riƙa aika rahoton ƙauyawa masu tone kaburbura suna soke gawa da itace. Ba wanda ya ce Ingilishi ya talauce.

'Yar Damagaram: Ni abin da ke damuna daban ne. Duk kalmar da za a yanke, a Kano ake yanke ta, mu na Nijar sai dai mu ji a rediyo. Mu ta Faransanci muka san kalmar, lafazinmu ya fi kusa da "bampir". In aro za a yi, wa ya ce lafazin Ingilishi ne zai ci?

Malamin Nahawu: Kin gani, Malama? Aro raba mu yake yi. Zuƙau ta kowa ce, daga Kano har Agadas.

'Yar Damagaram: To yaya jam'inta? Samarin su huɗu ne, ga yarinyar nan Star. Zuƙai? Zuƙauniya?

Malamin Nahawu: Awon ba ya ɗaukar jam'i, kamar mantau. Sai a ce su zuƙau.

Kakan Yara: Ku yi haƙuri da tsoho. Na kalli fim ɗin nan a kaset ina saurayi, kuma har yau ina tuna wurin da Michael ya kafa kai ya sha jini daga kwalba don kada a raina shi a cikin abokai. Nan ne zuciyar labarin. Kafin shi, in an ce vampire, Dracula na littafin Bram Stoker na 1897 ake tunawa, basarake a tsohon gidan sarauta. Wannan fim ya mayar da shi saurayi mai rigar fata da ɗan kunne, wanda yaro zai so ya zama irinsa. A kan hanyar nan shirin Buffy, na yarinya mai kashe vampire, ya biyo a talabijin a 1997, Twilight ta zo daga baya. Don haka kalmar da za ku zaɓa dole ta ɗauki jaraba. Muna cewa mayen ƙwallo, mayen shayi, ba wanda ke tunanin kurwa. Ku ce mayen jini. Mayyar jini, mayun jini, ga mace ga jam'i.

Baban Ummi: Ai da maye na fara.

'Yar Damagaram: Ƙarin "jini" ya sauya ta, Baba. Ban gamsu ɗari bisa ɗari ba, don ba ta nuna cewa ba ya mutuwa, amma zan iya jure ta in an yi bayani.

Mai Shirin Fim: Na gode ƙwarai. Ga yadda zan yi: a farkon shiri zan ce "mayen jini, wanda masu kallo ke kira bamfaya", in bayyana rana da madubi da tafarnuwa, in kuma faɗa a fili cewa ba mayen da muka sani ba ne. Daga nan sai mayen jini har ƙarshe. Michael kuwa, tunda bai kashe kowa ba tukuna bai gama rikiɗa ba, zan ce rabin maye.

Malamin Nahawu: Ba laifi, shirinka ne. Kalma biyu a inda ɗaya ta isa. Ni dai a ajina zuƙau ce, kuma in da hali ka ambace ta ko sau ɗaya, mu ji abin da masu saurare za su ce.

Mai Shirin Fim: Zan ambata, Malam. Saura ɗaya: Turawa suna kiransa cult film, wato fim ɗin da wasu masoya suka riƙe shi gam shekara da shekaru. In na ce fim ɗin ƙungiyar asiri na ɓata komai. Akwai mai shawara kafin asuba?