Neman kalmar Hausa: me za mu kira "ultra-processed"?

1/ Jama'a, kalmar nan ta fara yawa a bakin likitoci da masu shirin lafiya a rediyo, kuma kowa da irin fassarar da yake mata. Turawan Ingila na cewa "ultra-processed", 'yan uwanmu na Nijar suna jin ta da Faransanci, "ultra-transformé". Wasu daga cikinku sun riga sun kawo shawarar sunan da za a ba ta, zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Kafin mu raɗa mata suna, mu fara sanin abin da aka haifa.

2/ Daga Brazil ta fito. Farfesa Carlos Monteiro na Jami'ar São Paulo ne ya fito da ita a 2009, daga baya shi da abokan aikinsa suka gina tsarin da ake kira NOVA, wanda ya kasa abinci gida 4. Gida na 1 shi ne abinci yadda Allah ya halicce shi ko wanda aka ɗan gyara: gero, wake, ƙwai, nama, nono, busasshiyar kuɓewa. Na 2 kayan da ake girki da su: mai, gishiri, sukari, man shanu. Na 3 abin da aka samu in an haɗa na 1 da na 2, kamar kifin gwangwani da cuku. Na 4 shi ne wanda muke nema wa suna: lemon kwalba, biskit, alewa, taliyar leda mai ɗan ƙunshin ɗanɗano, dunƙulen miya.

3/ Fassarar da ta fi yawo ita ce "abinci mai tsananin sarrafawa", wasu su ce "wanda aka sarrafa fiye da kima". Ni dai ban yarda da ita ba, kuma dalilina daddawa ce.

Duk wanda ya taɓa ganin ana yin daddawa ya san wahalar da kalwa ke sha. A dafa ta ta kwana kan wuta, a sussuke ɓawon, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwanaki har ta ruɓa ta fara wannan warin da maƙwabta ke sanin an yi, sannan a kirɓa, a mulmula, a shanya. In ana maganar tsananin sarrafawa, me ya kai wannan? Amma daddawa ba ta gida na 4. Kalwa ce ta shiga, kalwa ce ta fito. Dunƙulen da ya kore ta daga tukunyar miya, shi ne ɗan gida na 4. Haka kilishi: a fere nama, a shanya, a tsoma a labu, a sake shanyawa, a gasa. Aiki ne ja, amma kowane abu da ke cikin labun uwar gida ta san shi da sunansa.

Ka ce wa Bahaushiya ta guji abin da aka "tsananta sarrafawa", za ta kalli daddawarta da ƙuli-ƙulinta da zargi, ta bar biskit ɗin yara yana nan. Kalmar ta yi kuskuren saiti ke nan.

4/ Malamin da ya kawo "abincin gwangwani", Allah ya ƙara sani, amma mazubi ba shi ne matsalar ba. Kifi da mai da gishiri a gwangwani gida na 3 ne. Biskit kuwa yawancinsa ba a gwangwani yake zuwa ba. "Abincin leda" ma haka, tunda shinkafa da gishiri duk a leda suke zuwa yanzu.

5/ "Abincin kamfani" ta fi kusa, har na so in karɓe ta. Sai dai fulawa da shinkafar buhu da taliyar da ba komai cikinta sai alkama da ruwa duk kamfani ke yin su, kuma NOVA ta ajiye su a gida na 1, kusa da 'yar murjin da ake shanyawa a kan igiya a tsakar gida.

6/ Hajiyar da ta ce "kayan maƙulashe", kin ba mu dariya, kuma da gaskiyarki ta wani ɓangaren. Amma tsire da balangu maƙulashe ne, ba kuwa su ake nufi ba. Sannan akwai 'yan gida na 4 da mutane ke ci a matsayin kalaci na sosai, ba don kwaɗayi ba.

7/ To mene ne ainihin abin da ya raba gida na 4 da saura? Juya ledar ka karanta jerin abin da ke ciki. In ka tarar da abubuwan da ba wanda ke ajiye su a madafi, ka iso. Zaƙin da aka tato daga masara, man da aka daskarar da shi ta hanyar sinadari, furotin da aka zare shi kaɗai daga waken suya, kala, ƙamshin da bai taɓa ganin 'ya'yan itacen da aka zana a jikin ledar ba, da lambobin nan masu farawa da E, irin su E471 mai hana mai da ruwa rabuwa, ko E621 da muke kira farin magi. An wargaza amfanin gona zuwa sinadarai, an sake haɗa su a inji yadda abin zai daɗe a kanti, ya yi araha, baki kuma ya ƙi ajiye shi.

Wannan na ƙarshen an gwada shi. A wani bincike da aka wallafa a 2019, Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ya killace mutum 20, kowa ya yi mako 2 yana cin irin wannan abinci, mako 2 kuma yana cin wanda ba shi ba, an ce kowa ya ci iya cikinsa. A makonnin gida na 4 sun riƙa ƙara kusan kalori 500 a rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo 1.

8/ Don haka shawarata: HAƊIN MASANA'ANTA.

Kalmar ba ta auna yawan aikin da aka yi, tana faɗin irin aikin da wurin da kaɗai ake iya yin sa. Tana kuma zama a jimla ba tare da tuntuɓe ba. "Likita ya ce in rage haɗin masana'anta." "Wannan yogot ɗin nono ne ko haɗin masana'anta?" Gida na 3 sai mu bar masa "sarrafaffen abinci", wanda dama nasa ne.

A kula, kar wani ya gajarta ta zuwa "haɗaɗɗen abinci". A bakin matasa haɗaɗɗe yabo ne, sai mu wayi gari muna yi wa masu biskit talla kyauta. "Ƙagaggen abinci" da wani ya kawo tana da daɗin faɗi, amma tana jan hankali zuwa ƙagaggen labari, kamar abincin ƙarya ne ko jabu, alhali yawancinsa da rajistarsa. Lambar NAFDAC a jikin kaya tana nuna an yi masa rajista ne, ba ta ce yana gina jiki ba.

9/ Kar kuma mu cakuɗa wannan da haruffan nan A zuwa E masu launi daga kore zuwa ja-ja, da ake gani a jikin wasu kayan Turai. Wannan Nutri-Score ne, Faransa ta fara aiki da shi a 2017, Beljiyam da Jamus da wasu suka bi, Italiya ta yi ta adawa da shi saboda cukunta da man zaitunta. Shi ba ruwansa da yadda aka yi abu. Giram 100 yake ɗauka, ya ci tarar sukari da gishiri da kitse mai daskarewa da yawan kalori, ya ba da lada kan furotin da harza da kayan lambu. Shi ya sa ma'aunan biyu kan saɓa: lemon kwalba marar sukari ya taɓa samun B alhali haɗin masana'anta ne tsantsa, man zaitun kuwa da D ya fara, sai da aka yi ta gyaran lissafin ya hau C, daga baya B.

10/ Shi Nutri-Score suna ne, a bar shi yadda yake. Abin da yake bayarwa ne ke buƙatar kalma. Ina da "makin gina jiki" a hannu, amma ba ta gama kwanta mini ba, domin rabin lissafin na abin da ke cutarwa ne. Malaman Hausa da ma'aikatan asibiti da ke nan, musamman na Maraɗi da Damagaram da kayan Faransa suka fi isa gare ku, me kuke ce wa mara lafiya in kuna nuna masa harafin?