Hoton bango ya ɓace a waƙoƙina, wasu kuma na wani suke nunawa

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da waƙoƙi cike da memori, tun zamanin da ake zuwa wajen masu turi a kasuwa, wasu kuma daga tsofaffin kaset ɗin mahaifina aka juyo min su. Yanzu na kwashe su zuwa kwamfuta ina son in tsara su. Da yawa babu hoton bango ko kaɗan, wasu kuma tambarin shafin da aka sauko da su ne a jiki, har da lambar waya. Abin da ya fi ɗaure min kai, a waya sai waƙar kalangu ta fito da hoton wani mawaƙin Indiya. Na gwada ajiye hoto a cikin folda, ya fito a kwamfuta, amma da na tura wa ƙanena ta Xender sai ya ce bai ga komai ba. Rediyon mota ma shiru. Don Allah ya ake yi?

Mai Gyaran Waya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Hoton da ka ajiye a folda, wanda ake sa wa suna folder.jpg ko cover.jpg, zaman kansa yake yi, ba ya bin waƙar in ta yi tafiya. Wanda kake nema shi ne a cusa hoton cikin fayil ɗin kansa. Kowace MP3 tana da wurin da ake rubuta sunan waƙa, mawaƙi, kundi (wato album) da hoto, ana kiran sa ID3. Na farkon, ID3v1, ba ya ɗaukar hoto sam, sai ID3v2.

Ka sauko da Mp3tag, kyauta ce a Windows. Ka jawo foldar ciki, ka zaɓi duk waƙoƙin kundi ɗaya tare, ka danna maɓallin dama a kan akwatin hoton da ke ƙasa ta hagu. Ka fara cire tambarin da ke ciki tukuna, in ba haka ba sai fayil ya ƙare da hoto biyu, waya ta ɗauki wanda ta ga dama. Sannan ka sa naka, ka danna Ctrl+S.

Maganar ɗan Indiya kuwa, ba aljani ba ne. Manhajojin waya da yawa suna haɗa waƙoƙi ne bisa sunan kundi. Masu shafukan nan sunan shafinsu suke rubutawa a gurbin kundi, to duk waƙar da ta fito daga wajensu sai waya ta ɗauke ta kundi guda, ta lulluɓe su da hoton da ta fara cin karo da shi. Saboda haka gyara sunan kundi ya riga sa hoto. Kullum sai an kawo min irin wannan a shago, mutum ya rantse wayarsa ce ta lalace.

Hajiya Ummi:
Ni dai MusicBrainz Picard nake amfani da ita. Tana sauraron waƙar ta gane ta ko da sunan fayil ɗin shirme ne, ta ɗauko hoton da kanta daga Cover Art Archive, rumbun hotunan bangon kundi a intanet. Ta rage min wahala sosai a waƙoƙin Larabawa da na Indiya. Sai dai a duba kafin a adana, don wani lokacin takan kai waƙa cikin kundin da ba nata ba.

Mai Gyaran Waya:
Gaskiya ne Hajiya, amma a kaset ɗin Baba ba za ta yi wani abin kirki ba. Sai abin da wani ya riga ya shigar a rumbun MusicBrainz na intanet take ganewa, kuma yawancin kiɗan gargajiyarmu ba wanda ya shigar. Waɗannan aikin hannu ne. Alhaji, in kwalayen kaset ɗin suna nan, ka zare takardar daga roba, ka shimfiɗa ta a inuwa da rana, ka ɗauka ba tare da filasha ba, ka yanke ta murabba'i. Ni a wajena ma ya fi duk wanda za ka samo a intanet, ko da takardar ta koɗe.

Direban Zariya:
Malam, ga ta mota tunda nan na fi sani. Rediyon mota ba ya son babban hoto. Ka tsaya a 500x500 ko 600x600, JPEG, kada ka sa PNG mai nauyi. Ko a JPEG ɗin ma akwai wanda ake kira progressive, tsofaffin rediyoyi da yawa ba sa buɗe shi, sai baseline. Kuma ka tabbata Mp3tag tana rubutawa da ID3v2.3, don ba kowane rediyo ke karanta 2.4 ba. Tawa motar haka take.

Baban Khalifa:
Allah ya saka muku da alheri. Na gwada a kundi ɗaya, mota ta nuna. Waya ce dai har yanzu take riƙe da ɗan Indiyanta.

Mai Gyaran Waya:
Tsohon ta adana. Shiga saitin manhajar kiɗan ka goge ma'ajiyarta ta wucin gadi, ka kashe wayar ka kunna. In ta ƙi, fitar da foldar daga memorin ka sake mayar da ita da sabon suna.