Shin abin kunya ne miji ya tare a gidan surukansa?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Surukina dattijo ne mai 'ya'ya mata huɗu, ba shi da ɗa namiji, kuma tun da ciwon ƙafa ya kwantar da shi yake roƙona in dawo da iyalina sashen da ke bayan zaurensa a nan Katsina. Da na ba wani abokin karatuna ɗan Bangaladash labari, sai ya ce a ƙasarsu da jihar Bengal ta Yamma a Indiya ana kiran irin wannan miji "ghar jamai", wato surukin gida, kuma galibi iyayen da ba su haifi namiji ba ne ke neman sa domin ya kula da su da gonakinsu. Sai dai ya ce can ma ba ya tsira daga gori. Ina neman shawararku, domin zuciyata ta rabu biyu.

Bakatsiniya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba gorin waje nake jiye maka ba, kunyar cikin gida ce. Mu da suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa, yake tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure ya durƙusa ya gaishe shi, ta yaya za ka riƙa ratsa tsakar gidansa da buta kowace asuba? Idan ka amince, a fasa wa sashen ƙofarsa daban, kuma cefane ya ci gaba da fitowa daga aljihunka.

Malamin Zaure:
Samar da muhalli wajibin miji ne, kamar yadda aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna, amma babu laifi idan an ba ka wuri da yardar matarka. Annabi Musa (AS) ya zauna a Madyana yana yi wa surukinsa aiki bisa sharaɗin shekara takwas ko goma, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas. Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne gado: a rubuta a gaban shaidu cewa aro aka ba ka, kada gobe 'yan'uwan matarka su zarge ka da kwaɗayin gidan.

Jikan Daurama:
Mu a Daura ba baƙon abu ba ne, domin a labarin da muka gada Bayajidda baƙo ne da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, ya zauna a garinta. Ka fara shawartar mahaifinka tukuna, yallaɓai, kafin ka ba dattijon amsa.