Shin ƙaramar na'urar hangen nesa ta isa a ɗauki hoton tabon rana da ita?

Ɗan Gwale ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan fanni. Ina da ƙaramar na'urar hangen nesa irin mai gilashi a baki, faɗin gilashinta milimita 70, tsawon tattara haskenta kuma milimita 700, kuma zuwa yanzu wata da Zara da Jupita kawai nake dubawa da ita. Tun lokacin da hotunan ƙaton tabon nan na watan Mayun 2024 suka bazu a intanet, na lura cewa da yawa daga cikinsu ba manyan cibiyoyin bincike ne suka ɗauka ba, mutane ne a tsakar gidajensu da kayan da ba su fi nawa girma sosai ba, shi ya sa nake son in gwada.

Abin da ya tsayar da ni shi ne tsoron ido. A cikin kwalin na'urar akwai wani ɗan baƙin gilashi da ake murɗawa a gindin maleƙi (gilashin da ake sa ido a leƙa), wanda takardar bayani ta ce na kallon rana ne, sannan wani abokina mai walda ya ce zai ba ni gilashin aikinsa in ɗaura. Wanne ne abin dogaro a cikinsu? Kuma ko da an kare ido, shin gilashin milimita 70 zai nuna wani abin kirki, ko sai na nemi babba? Kayan ɗaukar da nake da su wayar hannu ce da wata tsohuwar kyamarar Canon irin wadda ake cire mata gilashi.

Tsohon Malamin Kimiyya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka kyauta da ka tambaya kafin ka juya na'urar nan wajen rana. Wannan ɗan baƙin gilashin na cikin kwali ka jefar da shi, kada ma ka ajiye shi inda wani yaro zai tsinta. Dalili kuwa shi ne yana zama daidai wurin da na'urar ta tattara hasken rana da zafinta gaba ɗaya, kuma an san irinsa da tsagewa farat ɗaya alhali ido yana kai. Gilashinka yana tara haske fiye da ninki 100 na abin da ƙwayar ido take tarawa, ga shi fatar da ke bayan ido ba ta jin zafi, saboda haka mutum ba ya sanin ya ƙone sai bayan ta'adi ya auku. Gilashin walda ma ba na wannan aiki ba ne. Mai lamba 14 ne ake yarda da shi don duba rana da ido kawai, yawancin waɗanda ke hannun masu walda ba su kai wannan duhu ba, kuma ba a sa kowannensu tsakanin maleƙi da ido.

Ƙa'idar ita ce a tace hasken tun kafin ya shiga na'urar. Abin da yawancin masu sha'awar wannan aiki suke amfani da shi wata siririyar leda ce mai ƙyalli da kamfanin Baader na Jamus yake yi, mai suna AstroSolar. Mai lamba 5.0 tana barin kashi 1 cikin 100,000 na hasken ya wuce, ita ce ta kallo da ɗaukar hoto duka. Akwai mai lamba 3.8, wadda ta kyamara ce kaɗai, kuma ban ba ka shawarar shigo da ita gidan da ake leƙa na'ura ba. Ana sayar da ledar a faɗin takardar A4, kai ne za ka yi mata marufi da kwali wanda zai kama bakin na'urar gam, ka ƙara ɗaure shi da salatif don kada iska ta ɗage shi. Ba a jan ledar ta miƙe tsam, 'yar tattarar da take yi ba ta ɓata hoto. Kullum kafin amfani ka ɗaga ta ka duba ko ta huje. Ƙaramar na'urar saiti da ke gefe kuwa ka rufe bakinta ko ka cire ta, ka nemo rana da inuwar bututun a ƙasa: idan inuwar ta tsuke ta zama da'ira, ka samu rana.

Game da girma, hankalinka ya kwanta. Faɗin rana ya kai kimanin kilomita miliyan 1.39, wato ninki 109 na faɗin duniya, kuma gilashi mai milimita 70 yana iya bambance abin da faɗinsa ya kai wajen kilomita 1,200 a fuskarta idan iska ta kwanta. Tabon da ya kai girman duniya abu ne da ake yawan samu, wancan na Mayun 2024 kuwa, wanda aka ba lamba 3664, faɗinsa ya kai kimanin kilomita 200,000. Za ka ga baƙar cibiyar tabo da toka-tokan da ke kewaye da ita, za ka ga gefen rana ya fi tsakiyarta dushewa, za ka kuma ga wasu fararen zane-zane kusa da gefen. Tabon ba baƙi ne da gaske ba. Wuri ne da ƙarfin maganaɗisu ya danne tasowar zafi daga ciki, sai zafinsa ya tsaya wajen digiri 3,500 zuwa 4,000 a ma'aunin Salshiyos, alhali sauran fuskar tana wajen 5,500, shi ya sa yake yin duhu a kusa da abin da ya fi shi haske.

Mai Hoton Sama ta amsa:

Baba Malam ya gama magana a kan tsaro, ni zan taɓo ɗaukar hoton. Ƙanena, ajiye wayar tukuna ka yi aiki da Canon ɗin. Ka cire mata gilashi, ka sayi zoben haɗi na irin bakinta, ka sa ta a gurbin maleƙi, sai na'urar ta zama ita ce gilashin kyamarar. A tsawon milimita 700 hoton rana zai faɗo da faɗin wajen milimita 6 da rabi, wanda zai zauna cikin farantin kyamarar gaba ɗaya har da sarari. Ka sa ISO, wato ma'aunin saurin kama haske na kyamara, a 100, ka fara gwada shata, wato tsawon lokacin da take buɗewa, daga ɗaya bisa 1,000 na sakan, ka rage haske har sai tsakiyar rana ta daina yin fari fat. Saita kaifi shi ne wurin da ake shan wahala, domin hasken waje ba ya barin a ga allon kyamara. Ka lulluɓe kanka da allon da baƙin mayafi, ka zuƙo gefen rana ko wani tabo, ka riƙa murɗawa a hankali.

Abin da zai hana ka samun hoto mai kaifi ba ƙanƙantar gilashi ba ne, iska ce. Rana tana gasa ƙasa, iska mai zafi tana tashi tana cuɗanya da mai sanyi, sai hoton ya riƙa kaɗawa. Saboda haka na fi son safiya, daga awa ɗaya zuwa uku bayan fitowar rana, kafin ƙasa ta ɗauki zafi. Ka kuma lura da abin da ke ƙarƙashin hanyar hasken. Rufin kwano da kwalta da daɓen siminti su ne manyan abokan gaba, fili mai ciyawa ko bakin ruwa ya fi su nesa ba kusa ba. Wanda ya kafa na'urarsa da azahar yana hango rana ta saman rufin maƙwabta zai zargi gilashinsa a banza.

Ko da safiyar ma, hoto ɗaya ba ya wadatarwa. Dabarar ita ce a ɗauki ɗaruruwa ko dubbai a jere, ko gajeren bidiyo na sakan 20 zuwa 30, domin a cikinsu akwai 'yan kaɗan da suka dace da lokacin da iska ta ɗan tsaya. Manhajar PIPP tana daidaita rana a tsakiyar kowane hoto, AutoStakkert tana zaɓo mafi kaifi ta ɗora su kan juna, ImPPG ko RegiStax kuma ta fito da ƙananan zane, dukkansu kyauta ne. Kada ka tsawaita bidiyon, saboda rana tana gusawa da faɗin kanta cikin kimanin minti 2 idan matokarinka ba ya bin ta, kuma fuskarta kanta tana sauyawa. Tana cike da ƙananan ƙwayoyi masu faɗin wajen kilomita 1,000, suna tasowa suna nutsewa kamar kunu a kan wuta, kowace ba ta wuce 'yan mintuna. Da milimita 70 alamarsu kawai za ka samu a rana mai kyau, sai daga 80 zuwa 100 suke fitowa sosai. Abin da ya fi ɓata mini rai a hotunan sababbin shiga shi ne wuce gona da iri wajen kaifafawa, har tabo ya fito da farin zobe a gefensa wanda babu shi a rana.

Ɗan Gwale ya sake rubutawa:

Na gode, Baba Malam, na gode, Yaya. Saura abu biyu. Da hunturu hazo yakan dusashe rana har a iya kallonta, shin a irin wannan lokaci ma sai da ledar? Sannan hotunan da nake gani masu jan launi da harsunan wuta a gefen rana, ledar za ta nuna su?

Ma'abocin Rediyo ya amsa:

Malam, ledar ba za ta nuna su ba. Waɗannan harsuna suna wani siririn sashe ne da ke saman fuskar rana, kuma ba a ganinsu sai an ware jan hasken da haidurojin yake fitarwa a tsawon zango na nanomita 656.3 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), da mataci mai tsananin ƙunci, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na nanomita. Akwai ƙananan na'urori da aka ƙera don wannan kaɗai, irin su Coronado PST mai milimita 40 da na kamfanin Lunt. Kada ka ruɗe da matacin haidurojin na hotunan dare, wanda ya fi araha, shi ba ya kare ido ko kaɗan. A ganina idan da hali ka fara tara kuɗin irin wannan na'ura, domin a nan ne motsi yake. Tabo yakan wuni bai sauya sosai ba, amma tartsatsin rana, wato walƙiyar da ke tashi farat ɗaya kusa da tabo, yana kunnuwa ya mutu cikin mintuna, kuma mu masu sauraron gajeren zango muna jin tasirinsa a kunne. Haskensa mai ƙarfi yana isowa duniya cikin minti 8, ya dagula sashen sama da ke dawo da zangon rediyo, sai tashoshi su ɗauke a ɓangaren duniya da ke cikin rana na wani ɗan lokaci. Gajimaren iskar gas mai zafi da rana take watsowa yakan biyo baya cikin kwana ɗaya zuwa uku, kamar wanda ya katse wutar lantarki ya jefa lardin Kwibek na Kanada cikin duhu na awa 9 ranar 13 ga Maris 1989.

Tsohon Malamin Kimiyya ya sake amsawa:

Maganar hazo da farko: sai da ledar, ko yaushe. Ƙura tana rage hasken da ido yake gani ya daina ƙyafta, amma ba ta da tabbas wajen tare wanda ba a gani, kuma kaurinta yana sauyawa ba tare da sanarwa ba. Illarta ga hoto ita ce rage bambancin duhu da haske, wanda ana iya gyara wani abu daga ciki a kwamfuta.

Bayanin Malam Ma'abocin Rediyo daidai ne, amma ban bi shi a shawarar ba. Na'urar haidurojin tana cin ninkin kuɗin ledar sau da yawa, kuma wanda bai saba da saita kaifi da karanta yanayin iska ba, zai kashe kuɗin ya samu jan ƙwallo marar zane. Ban kuma yarda cewa farin haske, wato wanda ledar take nunawa, ba shi da motsi ba, sai dai motsinsa na mai haƙuri ne. Ka ɗauki hoto kowace safiya, za ka ga tabo ya ɓullo ta gefen gabas, ya ratsa fuskar rana cikin kimanin mako biyu, ya faɗa ta yamma, domin rana tana juyawa, wajen kwana 25 a tsakiyarta, fiye da 30 kusa da ƙuryoyinta. Za ka ga rukuni ya tsiro, ya rarrabu, ya shuɗe.

Manyan abubuwan da aka sani game da tabon rana da irin wannan naci aka samo su. Heinrich Schwabe mai haɗa magunguna ne a garin Dessau na Jamus, ya fara duba rana a 1826 yana neman wata duniya da ake zaton tana kusa da ita. Bai same ta ba, amma bayan shekara 17 yana ƙirga tabo ya gano cewa yawansu yana hawa yana sauka a zagaye na kimanin shekara 10, wanda Rudolf Wolf na Zurich ya daidaita zuwa 11. Na'urar da Wolf ya kafa ma'aunin ƙirgarsa a kanta milimita 80 ce, wato ba ta fi taka da wani abin a zo a gani ba. Lissafinsa shi ne a ninka adadin rukunoni sau 10, a ƙara adadin tabo ɗaiɗai, sannan a daidaita gwargwadon mai dubawa da na'urarsa. Tun 1981 cibiyar nazarin sararin samaniya ta masarautar Beljiyam ce take tattara wannan ƙirga, kuma da yawa daga masu aika mata rahoto ba ma'aikatan kimiyya ba ne. Hisako Koyama ta Japan da na'ura mai milimita 36 ta fara, ta bar zane fiye da 10,000 na sama da shekara 40, waɗanda masana suka jingina da su wajen gyara tsohuwar ƙirga. Ko tartsatsin farko da aka taɓa gani, a farin haske Richard Carrington ya gan shi ranar 1 ga Satumba 1859 a Ingila, yana tsakiyar zana tabo, kuma washegari wayoyin tangaraho suka rikice.

Kada ka yi jinkiri wajen odar ledar. Zagayen da muke ciki, na 25, ya fara a Disambar 2019, kuma a Oktobar 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar cewa ya kai ganiyarsa, saboda haka tabo zai riƙa raguwa yana matsowa tsakiyar rana har zuwa wajen 2030, lokacin da za a iya yin makonni fuskarta fes. A kan kowane hoto ka rubuta kwanan wata da lokaci a agogon GMT, wato ka cire awa ɗaya daga agogonmu. Don gane gabas da yamma, ka bar na'urar tsaye ba ka taɓa ta ba, gefen da ya fara fita daga allo shi ne yamma. Bayan haka ka gwada naka da hoton ranar na tauraron ɗan'adam na SDO, wanda ake sakawa kyauta a intanet, ka ga ƙananan tabo nawa ne suka kuɓuce maka.