Mun faɗi a kotun ɗaukaka ƙara, ina zan ga dalilin alƙalai?

Baban Hajara, Garwa: Assalamu alaikum jama'a. Shari'ar gidan gado ce tsakaninmu da ɗan baffanmu, har ta kai kotun ɗaukaka ƙara. Ranar hukunci babban alƙalin ya karanta da Faransanci, ban gama gyara zama a benci ba an kira wata shari'ar. Abin da na tsinta kawai shi ne mun faɗi. Ina fitowa wani mai jaka a hammata ya tare ni a gindin dalbejiya, wai in ba shi sefa dubu 50 ya kawo mini abin da alƙalan nan uku suka tattauna a ɗaki. In ba shi?

Maman Abdul: Wa alaikumus salam. Ko dala kada ka ba shi, Malam. Ɗan damfara ne.

Kawun Yara, Marwa: Ɗana, abu biyu ka haɗa. Zaman kotu a Kamaru a buɗe yake, kowa na iya shiga ya saurara, sai in kotu ta ce a rufe ƙofa saboda wani dalili, kuma hukunci a bainar jama'a ake karanta shi. Dokar tsarin kotuna ta 29 ga Disamba 2006 ce ta faɗi haka. Amma shawarar da alƙalai ke yi tsakaninsu, wadda suke kira delibere, sirri ce, rantsuwa suka yi a kanta. Ko lauyanka bai san wa ya ce me ba, balle mai jaka.

Dalilansu kuwa a rubuce suke cikin hukuncin. Je ka girefi, ofishin magatakardan kotu, da lambar shari'a da ranar hukunci da katin shaidarka, ka nemi kwafin da suke kira ekispedisiyo. Za ka sayi tambur na haraji, ka karɓi rasit na duk abin da ka biya. Wanda ya ci shari'a shi ake ba giros, mai hatimin zartarwa. Ka tafi da mai jin Faransancin shari'a, don na kasuwa ba ya fid da kai a nan.

Ɗan Gaundare: Ƙari a kan maganar Kawu: lokaci na gudu. In wisiye, wato jami'in da ke kai wa mutane takardun kotu, ya kawo muku takardar hukunci, kwana 30 gare ku ku ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ƙoli ta Yawunde. Ita kuma ba sake sauraron shaidu take yi ba, dubawa take ko an bi doka. Wasu hukunce-hukuncenta na shafin intanet na JURICAF kyauta, amma irin naka sai girefi.

Baban Hajara: Allah ya saka da alheri. Kawu, lambar shari'ar tana wajen lauya, shi kuma wayarsa ba ta shiga tun Juma'a.

Kawun Yara: Duba tsohon sammacin da aka kawo muku. In babu, sunayenku biyu da ranar hukunci sun isa su nemo a rajista. Ka yi sammako ranar Litinin.