Wane littafin kurket zan saya wa yarona?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Shekarata shida a Leeds, amma har yau in na zauna a bakin filin kurket sai na tambayi na kusa da ni wa ke gaba. Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne. To ga yarona mai shekara 14, an ba shi kyaftin a kulob ɗin unguwa, ran Asabar ya dawo ko abinci bai taɓa ba. Wai ya ce wa babban abokinsa ya huta da jifa, ya miƙa ƙwallon ga wani, shi ke nan abokin ya daina yi masa magana. Ban san me zan ce masa ba. Akwai littafin wanda ya buga wasan da kansa, ba ɗan jarida ba, da zan saya mu karanta tare?

Malam Na-Bradford:
Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, ai a bakin rijiya kake zaune kana kukan ƙishirwa. Nemi The Art of Captaincy na Mike Brearley, 1985 ya fito. Mutumin nan bai taɓa cin maki 100 a wasan Test (wasan ƙasa da ƙasa na kwana biyar) ko sau ɗaya ba, amma a wasa 31 da ya jagoranci Ingila ya ci 18, huɗu kacal aka doke shi. A 1981 Ian Botham ya ajiye kyaftin ana tsakiyar karawa da Ostireliya, aka dawo da Brearley. A filin Headingley, nan bayan gidanka, Ingila ta kai bakin kabari, sai Botham ɗin da aka gama zaginsa ya zuba 149, Bob Willis ya fitar da mutum 8, suka ci da ratar maki 18. Abin da ya fi tsaya mini a littafin shi ne yadda ake bi da gwanin da yake ganin ya fi ka. Daga baya ma mutumin ya koma sana'ar duba masu damuwar zuciya, ka ga ba banza ba. Turancinsa dai yana da ɗan nauyi ga ɗan 14.

Maman Husna:
Yaya, a yi hattara. Da yawa daga littattafan 'yan wasa wani ne ke rubuta musu, su sa suna kawai. Amma ban ce duk na banza ba ne. Na Marcus Trescothick, Coming Back to Me na 2008, da ɗan jarida suka haɗa shi, kuma sai da ya sa ni hawaye. Ya baro tawagar Ingila a Indiya a 2006 saboda ciwon damuwa, lokacin ba a faɗa wa mutane ainihin dalili ba. Wannan kai za ka karanta, ba yaron ba.

Kawu Ɗanlami:
Ku duk Turawa kuka lissafo. Ɗana, a gaya wa yaron labarin Learie Constantine, baƙar fata daga Trinidad, wanda ya zo bugawa garin Nelson a Lancashire a 1929. Littafinsa Cricket and I ya fito a 1933. Wani otel a Landan ya hana shi da iyalinsa zama a 1943, ya kai su kotu ya yi nasara. Samun littafin ne aiki, sai wajen masu sayar da tsofaffi.

Baban Sadiq:
Allah Ya saka da alheri. Na samu na Brearley a laburaren gari, ban ma kashe ko kwabo ba. Kawu, naka ina cigiya. Abokin nasa dai ya zo jiya aron safar hannu, ina daga kicin ina jin su suna musu kan wa zai fara jifa ran Asabar.